Fitilun Tirelar Alhaji Dallatu

Nazeefa ba ta taɓa manta ranar da ta fara ganin Badaruddeen ba, domin ranar ce ya cire wa motar haya gilashi. A bas ɗin da ke tashi daga Garki zuwa Kubwa ne, tsakiyar damina, tana zaune gefen taga da littafi a cinya, iska ta fara feso mata ruwa. Ta ja gilashin ya ƙi rufuwa. Sai wani dogon saurayi mai biro uku a aljihun gaba ya miƙo hannu daga kujerar baya ya ce, “'Yar'uwa, ɗan matsa, injiniya zai duba.” Ya ja sau ɗaya, ya ja sau biyu, a na uku gilashin ya biyo shi ɗungurungum. Kwandasta ya zage shi da yare uku.

Amma ba zagin Nazeefa ta riƙe ba. Tun daga Wuse har Kubwa, fiye da awa guda cikin cunkoso, saurayin nan yana sunkuye ya tokare gilashin a bakin taga da hannu biyu, ruwa na bin hannun rigarsa har hammata, don kada ɗigo ya taɓa mata littafi. Da za ta sauka, haƙoransa na haɗuwa don sanyi, ya ce mata, “Ƙirar motar ce ba daidai ba.”

Shekara biyu ke nan. A cikinsu ta gano cewa Badaruddeen ba injiniya ba ne, magatakarda ne mai jera fayil a wata ma'aikata a Garki. Ta kuma san tarihin fankar ofishinsu, da dutsen gugar yayarsa, da agogon masallacin unguwarsu wanda tun da ya taɓa shi yake nuna ƙarfe huɗu da kwata. Duk da haka idan ta ga ruwa ya sauko, shi take tunawa.

Matsalar ita ce Baba, mahaifinta. Alhaji Dallatu ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa motar gwamnati, ya yi ritaya ko madubi bai taɓa fasawa ba. Yana da tsohuwar a-kori-kura fara, da 'yar tirela mai taya biyu da yake ɗaura mata a baya idan za shi Uke kwaso doya. Duk unguwarsu ta Byazhin an san ba mai taɓa sitiyarin motar nan sai shi, hularsa da carbinsa ma a gabanta suke zama.

“Ban ƙi talaka ba, ban ƙi mummuna ba,” haka yakan ce wa Nazeefa. “Mutumin da bakinsa ba ya iya furta ‘ban sani ba’, shi ne ba na so ya haɗa iri da ni.”

Ranar wata Juma'a Badaruddeen ya zo gaisuwa. Cikin hira Alhaji ya ambaci cewa fitilun tirelarsa sun mutu, gobe zai kira rewaya, mai gyaran wutar mota, don akwai firizar da Nazeefa ta saya saboda sana'arta ta zoɓo da kunun aya, za a ɗauko daga kasuwar Kubwa.

“Rewaya, Baba? Ina raye?”

A bayan labule Nazeefa ta runtse ido.

“Au, ka iya?”

“Wayarin ai shi ne ɓangarena. Abin da rewaya zai yi a wuni, ni kafin shayi ya huce na gama.”

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. “To madalla. Gobe ka gyara. Kuma a ƙa'idar direbobi, wanda ya gyara shi yake ja, don haka kai za ka ɗauko firizar. In ka dawo mini da fitilu suna aiki, sai mu zauna kan maganar nan da ka yi wata shida kana kewaya ta kamar mai neman wurin fakin.”

Da safe Badaruddeen ya iso cikin shuɗin kayan makanikai na aro, wandon bai kai idon sawu ba. Ya zazzage buhu a ƙofar gida: filaya, salatif, guduma biyu, gwangwanin fenti, da naɗin jar waya guda. Alhaji dama kwana uku yana fama da mura ko wurin dara bai leƙa ba, ya miƙa makulli ya ce shi zai shiga ciki, zuciyarsa ba za ta iya kallo ba. Madam Christina kuwa, mai shagon kayan masarufi a tsallaken layi, ta jawo benci ta zauna da rake.

Nazeefa ta kawo masa shayi, ta ajiye wani ɗan littafi kusa da kofin. A aljihun motar ta tsince shi jiya, ta karanta shi sau biyu, kamar yadda take karanta duk abin da ya faɗo hannunta.

“Badar, littafin nan ya ce kafin a taɓa komai a fara duba farar wayar nan da aka ɗaure a jikin ƙarfen tirela. Ta nan wuta take komawa. Ka ga notin duk ya yi tsatsa. Wataƙila gogewa kawai yake so.”

Ya yi murmushi irin na malami ga ɗaliba. “Nazeefa, wanda ya rubuta littafin nan ya taɓa zuwa Kubwa? Wutar can daban, wutar nan daban.” Ya leƙa notin. “Amma kin yi gaskiya, tsatsar ba kyan gani.” Ya buɗe gwangwani ya lafta masa fenti har sau biyu.

Daga nan ya shiga ƙarƙashin tirela ya zaro wayoyin: rawaya, kore, ruwan ƙasa. Ya girgiza kai. “Kala-kala kamar ankon biki. Yaya wuta ba za ta rikice ba?” Kafin Nazeefa ta buɗe baki filaya ta yi aikinta. Ya datse su duka, ya maye kowace da ja.

Madam Christina ta tofar da ɓawon rake. “Oga injiniya, yanzu wanne ne na birki?”

“Ja.”

“Na sigina fa?”

“Ja.”

“To yaya kai za ka gane shi?”

“Madam, ke idan kin ga 'ya'yanki cikin yunifom ɗaya, ɓace miki suke yi?”

“Yara na yana amsa suna. Kira wannan mu ji.”

Aka zo gwaji. Badaruddeen ya shiga mota ya kunna, ya ce Madam ta tsaya a baya ta riƙa faɗa masa abin da ta gani.

“Na taka birki.”

“Siginan hagu ya kama.”

“Yanzu na sa siginar hagu.”

“Fitilan lamba yana lumshe ido, kamar ya sha maganin mura.”

“Dama fa?”

“Babu komai. Amma rediyon Alhaji ya mutu.”

Ya fito ya sake murɗe-murɗe, ya koma ya taka. Wani abu ya ce ɗas a ƙarƙashin sitiyari. Fis ya ƙone. Ya sa na ajiya, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Da na uku ya tafi, sai ya tsallaka shagon Madam ya karɓi dunƙulen magi, ya ɓare, ya miƙa mata dunƙulen ya riƙe takardar mai ƙyalli. Ya nannaɗe mataccen fis da ita ya cusa. Hayaƙi mai warin roba ya bugi fuskarsa, ya fito yana tari, idanu jajur, hawaye na zuba.

“Alamar wuta ta iso ke nan,” in ji shi.

Hantsi ya wuce, shayi ya huce har ƙuda ya mutu a ciki. A ƙarshe dabara ta zo masa. Ya tattara duk jajayen wayoyin ya murɗe su wuri guda, ya jona su a inda ya ga wuta ta fi ƙarfi, ya naɗe da salatif har ya zama kamar curin fura. Nan take fitilun suka ɗauka: hagu da dama, na tirela da na mota, gaba da baya, duk suna ƙyaftawa tare.

“Kin gani? Yanzu duk inda zan juya, an riga an sanar da kowa. Ba mai cewa ba a gaya masa ba.”

“Ta ina ake kashewa?” Nazeefa ta tambaya.

“Wa ke neman kashe abin da aka sha wuya kafin ya kama?”

Saura matsala guda. Wayar da ta haɗa mota da tirela ya yanke ta gajera, ta miƙe tsaf kamar tsirkiya. In ya yi gudu ko ya faɗa rami, tsinkewa za ta yi. Don haka ya yanke shawarar tafiya a giya ta ɗaya.

Gwaggo Fadimatu, yayar Alhaji, ita aka sa ta raka shi da Nazeefa. Ita ma murar gidan ta kama ta, ta zauna tsakiya da hankici a hanci, ta ce a ɗage gilasai iska na shigar mata ƙirji. A kasuwa aka ɗora firizar, doguwa fara mai murfi a sama, aka kwantar da ita a tirela. Gwaggo ta ce rana za ta ɓata ta, sai aka lulluɓe ta da koren tamfol ɗin Alhaji, aka ɗaure da igiya kai da ƙafa.

A dawowa Badaruddeen ya ce babban titi ramuka sun yi yawa, ya bi ta gaban asibiti. Daidai lokacin aka sallame azahar a masallacin bakin hanya.

Nazeefa ce ta fara lura. Ta ga Malam Abdulƙadir tela, abokin darar Baba na shekara ashirin, yana sa takalmi a ƙofar masallaci. Ya dubi motar. Ya dubi hular Alhaji da carbinsa a gaban gilashi. Ya dubi baƙon da ke kan sitiyarin da ba a taɓa ba kowa ba, idanunsa jajur. Ya dubi Gwaggo tana share hanci. Sannan ya dubi dogon abin da ke kwance a baya cikin koren mayafi, mota na tafiya kamar tana tausayin ƙasa, fitilu duka na ƙyaftawa. Takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, ya ɗora hannun a ka.

Kafin su kai kwanar titi, babura shida sun jeru a bayansu, kowa ya kunna fitila. Mai nama ya miƙe tsaye. Masu wankin mota suka kashe kiɗa. Wani dattijo ya jingine kekensa ya ɗaga hannuwa sama.

“Nazeefa, dubi madubi,” in ji Badaruddeen, murya cike da natsuwa. “Mutanen Kubwa sun san aiki in sun gan shi.”

“Badar, tsaya. Don Allah ka tsaya ka cire wayar nan.”

“In cire? Ga mutane har miƙewa suke yi?”

Ta so ta yi masa bayani, amma ta sake waiwayawa ta hango wani a kan babur ya saɓo diga da shebur. Nan dariya ta shaƙe ta. Ta cusa fuska cikin hijabi, kafaɗunta na rawa, ta kasa fitar da kalma ko ɗaya. Matan da ke bakin famfo suka hango ta, suka ce wayyo marainiyar Allah, suka ajiye bokitai suka biyo sahu.

Wani ɗan acaɓa ya matso daidai taga ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai. Badaruddeen ma ya dafa ƙirji ya gyaɗa masa kai a hankali, irin na manyan da ba sa son yabo.

“Wai me ake yi ne a garin nan?” Gwaggo ta tambaya ta cikin hankici. “Ko wani babba ne zai wuce?”

“Mu ne, Gwaggo,” in ji shi.

Da suka shigo layinsu a Byazhin, babura sun haura talatin, ga Keke Napep uku, ga masu tafiya a ƙasa. Madam Christina ta fito daga shago da gwangwanin madara a hannu, ta tsaya baki buɗe. Mota na tsayawa, mutane suka kewaye tirela, wasu har sun fara kwance igiya a hankali. Malam Abdulƙadir ya sauko daga babur ya tsaya a ƙofar gida, ya share ido da hannun riga, ya ɗaga murya.

“Jama'a, ni zan fara shaida. Shekara ashirin muna tare. Mutum ne mai taurin kai, wannan kowa ya sani. Kuma a wurin dara, in ka juya ka amsa sallama, sai ka tarar ɗanka ɗaya ya ɓace. Amma na yafe masa duniya da lahira.”

Ƙofar gida ta buɗe. Alhaji Dallatu ya fito da singileti da zane ɗaure a ƙugu, kofin kunu a hannu.

Na gaba suka ja baya suka taka na baya. Mai diga ya saki diga. Wata mata ta yi salati ta shige shagon Madam ta ja ƙofa.

“Abdulƙadir,” in ji Alhaji, “wa ke satar ɗa?”

Malam Abdulƙadir ya murza ido. “Dallatu, ashe kana nan?”

“Ina za ni? Motata ba ta gida.”

“To wane ne a cikin tirela?”

Alhaji ya taka a hankali, mutane na dare masa hanya, ya kama bakin tamfol ya yaye. Firiza ta bayyana fara sol, da takardar kamfani manne a murfinta. Sai Madam Christina ta fashe da dariya har ta zauna a ƙasa, daga nan layin gaba ɗaya ya ɗauka.

“Ni na rufe shago na bar ɗinkin amarya,” in ji Malam Abdulƙadir, “ashe firiza na rako.”

“Ladanka na nan. Kuma yafiyar da ka yi na karɓa, ba a mayarwa.”

“A kan gawa na yafe. Tunda kana numfashi, maganar dara na nan.”

Ana cikin haka hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashin sitiyari. Alhaji ya miƙa wa Gwaggo kofinsa, ya buɗe gaban mota ya fizge kan batir. Fitilun suka mutu. Ya zagaya baya ya tsuguna, ya ɗaga curin salatif ɗin nan da yatsa biyu kamar mataccen ɓera.

“Injiniya.”

“Na'am, Baba.”

“A cikin jajayen nan, wacce ce ta birki?”

Nazeefa na tsaye jikin ƙofar mota, dariyar ta tafi. Ta ga Badaruddeen ya gyara tsayuwa, ya ɗaga yatsa, ta kuma san abin da ke tahowa, domin ta taɓa jin sa a bas. Ƙirar tirelar ce ba daidai ba. In ya faɗa, shi ke nan, Baba ba ya maimaita magana. Ta dube shi. Shi ma ya dube ta, fenti a goshi, wandon aro a ƙwauri. Yatsan ya sauko.

“Ban sani ba, Baba.” Ya numfasa. “Gaskiya ko da suke kala-kala ma ban sani ba.”

“Ƙara faɗa, na baya ba su ji ba.”

“Ban sani ba.”

Alhaji ya miƙe ya kakkaɓe hannu. “To yau dai ka gyara abu ɗaya.”

Sauran aikin bai kai awa ba. Gwaggo ta fito da zoɓo ta raba wa 'yan rakiya, mafi yawa suka watse, masu son ganin ƙarshe suka samu inuwa. Nazeefa ta tsuguna da ɗan littafinta, ta kankare fentin da ke kan notin, ta goge tsatsar da samfefa har ƙarfe ya yi haske. Alhaji ya zaro takardar magi ya sa fis na gaskiya, ya mayar da kan batir. Ita kuma ta warware curin, tana taɓa wayoyin ɗaya bayan ɗaya da ƙwan fitila, duk wadda ta gane sai ta ɗaura mata kalar zare daban cikin waɗanda Malam Abdulƙadir ya ciro daga aljihu. Badaruddeen aka ba shi kujerar direba da aiki guda.

“Taka,” in ji Nazeefa.

“Na taka.”

“Saki. Sa hagu.”

“Na sa. Amma a ganina da an...”

“Oga,” in ji Madam Christina, “taka kawai.”

Birki ya kama ja. Hagu ta ƙyafta a hagu, dama a dama. Alhaji ya zagaya tirelar sau biyu bai ga aibu ba. Ya tsaya gaban 'yarsa, ya nuna motar da haɓa.

“Yanzu ke, tsakaninki da Allah, wannan kike so? Mutumin da ya tara mini jama'ar jana'iza ina shan kunu?”

Nazeefa ta sunkuyar da kai. Shekara biyu tana ɗauke da amsar nan, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba sai gefen littattafanta. Ta tuna ruwan da ke bin hannun riga har hammata. Ta ɗago, samfefa na hannunta, ta yi magana yadda har Madam Christina ta ji daga tsallaken layi.

“Shi nake so, Baba. Kuma na yi maka alkawari a gaban Gwaggo da Malam: muddin ina raye, ko ƙwan fitila ne ya mutu a gidanmu, shi zai riƙe mini tsani, ni zan hau.”